Hoto da Bik: Yadda Aikin Rubutu ke Tafiya a Ajina

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau kwana takwas da komawa lakwal. Bana ba a buɗe ba sai 28 ga Oktoba, saboda ambaliyar da ta yi ɓarna a ƙasa. Mu nan Maradi ba za mu manta da ruwan 30 ga Agusta ba, azuzuwa da dama sai da suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka zube. CE2 aka ba ni, wato aji huɗu na firamare, yara 68 a takarda, amma har yau ban ƙirga fiye da 61 zaune ba.

Ranar Alhamis na gwada su. Na rubuta a tablo da Faransanci cewa kowa ya ba ni labarin hutunsa, layi uku kacal. Bayan minti ashirin na bi benci-benci ina leƙa kaye. Yawancinsu tambayar suka kwafe tsaf, har da jan layi a ƙarƙashi, suka aje bik suka zuba mini ido. Su ne fa yaran da in an kaɗa ƙarfen shan iska ba ka jin maganar na kusa da kai don surutu. Baki cike da labari, hannu ya ƙi motsi.

Shi ya sa na buɗe wannan kaye, zan gwada hoto in gani. Kayan aikina ba su da yawa: wayata, da tsohuwar wayar ƙanena da kyamararta ke aiki, da ƙaramin majigi mai batir da wani abokina mai gyaran salula ya yarda ya riƙa ara mini Talata da Alhamis. Darakta ya ce ba ruwansa in dai ban taɓa awowin lissafi ba. Zan riƙa rubuta abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, don kada nan da wata shida in yaudari kaina.

Talata, 12 ga Nuwamba

Majigi na farko. Mun toshe tagogi da tabarmi, muka rataya farin zanen gado a kan tablo. Daren jiya na ƙona mega na jaka guda wajen sauko da hotuna daga intanet: jirgin ƙasa, teku, da wani gari a Faransa da ƙanƙara ta lulluɓe. Da hoton farko ya fito aji ya kaure da ihu, ƴan CM1, wato aji biyar, suka cika bakin ƙofa har sai da madam ɗinsu ta zo ta tasa su gaba.

Kallo dai an sha. Rubutu kuwa, abin da na tattara bai wuce “C’est un train” da “C’est joli” ba, kaye bayan kaye, kamar an buga da hatimi. Na koma gida raina a jagule. Sai bayan isha’i na zauna na ga laifin nawa ne. Yaron da iyakar tafiyarsa Tibiri, me zai ce a kan teku? Ruwa mafi girma da ya sani shi ne tafkin Madarumfa, ko Gulbi in ya kawo da damina. Na ba shi abin da ko a Hausa ba shi da kalmominsa, na kuma ce ya faɗa da Faransanci. Na labta wa ɗan jaki kayan raƙumi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Jiya da safe a wajen Sabon Gari na tarar da wata jar akuya ta ɗare amalanken mai harawa tana ci hankali kwance, shi kuwa ya juya baya yana ciniki da wata mata. Na tsayar da moto na ɗauka.

Shi na haska yau, ban ce uffan ba. Kafin in buɗe baki gardama ta ɓarke. Wani ya ce akuyar maƙwabcinsu ce, ya gane ta da tsagar kunne. Wata ta ce ƙarya yake, jajayen awakin Maradi duk kamarsu ɗaya. Wani kuma ya rantse matar da ke cinikin ita ce mai akuyar, baki suka haɗa. Na bar su minti biyar, sannan na ce kowa ya rubuta, da harshen da ya ga dama. Suka yi tsit. “Mushe (haka suke kiran malami), har da Hausa?” Na ce har da Hausa. Sai da na maimaita sau uku, don a saninsu Hausa a cikin kaye laifi ne da ake ja wa mutum kunne a kai.

Hausar tasu irin ta allunan shaguna ce, da ƙa’idar Faransanci: akouya, moutoum, kassoua. Ban taɓa ko ɗaya da jan bik ba. Wata yarinya ƴar bencin baya, wadda kullum sai ta makara saboda tallan ƙosai, ta rubuta: “Akouya ta hi mai amalanké wayo. China tchiniki, ita tana tchin riba.” Sai da na karanta da ƙarfi na gane: shina ciniki, ita tana cin riba. Aji ya fashe da dariya, ita kuma ta ja hijabi ta rufe fuska. Shekarata tara ina koyarwa, ban tuna ɗan CE2 da ya taɓa rubuta mini abin da ya ba ni dariya da gangan ba.

Kada in zuzuta. Irin nata ba su fi biyar ba. Sauran jerangiya ce: akwai akuya, akwai mutum, akwai itace.

Talata, 3 ga Disamba

Mako biyu ina fama da “akwai, akwai”. Na sauya hotuna, na yi tambayoyi, na rubuta misali a tablo, suka kwafe misalin. Yau wani yaro mai baki, ɗan wani tela, ya warware mini matsalar. Na ce ya ƙara bayani, ya ɗago kai ya ce: “Mushe, mi za ni ƙarawa? Ai kowa ya gani.”

Gaskiyarsa. An ce gani ya kori ji, ashe har rubutu yake kora. In ni da shi muna kallon abu ɗaya a bango, don me zai wahalar da hannunsa ya gaya mini abin da idona ke kai?

Nan take na kashe majigin. Na raba ajin biyu, rabi suka fita ƙarƙashin itacen dogon yaro da allunansu da alli. Na ciki kaɗai na nuna wa hoton a waya: jaki kwance a bakin pampo, jarkoki uku, ɗaya ta kife. Na ce kowa ya rubuta wa abokinsa na waje abin da ya gani, shi kuma na wajen zai zana daga rubutun kawai, babu magana, babu nuni da hannu. Da aka gama muka haska hoton kowa ya kwatanta da zanensa.

Sai ka ga rigima. “Ba ka ce jakin kwance yake ba!” “Ina ka rubuta jarka uku ce? Jarka kawai ka ce!” Wata ta zana pampon a bayan jakin, abokiyarta ta ce a gaba yake, ta ce to nuna mini inda kika rubuta. Ba wanda na ce wa ya gyara, amma na ga yara suna fizge takardunsu suna ƙara kalmomi: kwance, a gefen dama, mai ruwan ɗorawa. Gyaran rubutu da nake roƙonsu su yi da jan bik suna ƙi, yau sun yi shi don kada aboki ya kunyata su. Da aka yi musanya, na wajen suka shigo, rubutunsu ya fi na farkon tsawo nesa ba kusa ba, tunda sun ɗanɗana zafin a ba ka rabin bayani.

Daga yau ƙa’idata ke nan: mai karatu ba ya ganin hoton sai ya gama karatu.

Alhamis, 12 ga Disamba

Zancen ya kai gidaje, kuma a karkace ya kai. Wai Mushe silima yake nuna wa yara, wai yana ɗaukar hoton ƴan mata yana sawa a Facebook. Da tun farko na nemi iyaye da ba a kai nan ba, wannan sakacina ne. Darakta ya kira ƴan COGES, wato kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata, muka zauna da la’asar.

Wani dattijo ya yi magana a natse: “Malam, mu ba mu ƙi ilimi ba. Amma hoton ɗiyata ba zai yi yawo a wayar kowa ba.” Na ce: “Gaskiyarku, Alhaji. Ku gindaya sharaɗi, mu bi.” Aka tsaya a kan cewa ba za a ɗauki fuskar kowa ba, yaro ko babba, ba abin da zai hau Facebook, kafin a ɗauki kayan mutum sai an nemi izininsa, kuma duk uban da ya so duba wayar, ƙofa a buɗe take.

Ana shirin tashi wata uwa ta ce a nuna mata abin da ɗanta ya rubuta. Ba ta karatun boko, sai aka kira yaron ya karanta mata labarin jakin, muryarsa na rawa. Ta riƙe haɓa ta ce: “Wannan da ko aikensa aka yi sai ya zubar da rabin saƙo a hanya?” Aka yi dariya, taron ya watse lafiya.

A raina dai sharaɗin fuska ya dame ni. Ina ganin an cire wa hoto rabin daɗinsa.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Hutun ƙarshen shekara a gaban talabijin suka yi shi, ana kokowar Takobi, gasar kokowa ta ƙasa. Rabin aji sun dawo suna Isaka Isaka, shahararren ɗan kokowar nan. Na tambaye su wa ya fara zama sarkin kokowa na ƙasa, ba wanda ya sani. Na ce ɗan Maradi ne, Kantu, a Tawa a 1975, wanda filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa.

Muka fita fili, yara biyu suka kama, na ɗauki ƙafafu zalla: ƙafa huɗu suna fuskantar juna, sai ɗaya a sama cikin ƙura, sai gwiwa a ƙasa. Na hargitsa hotunan uku na ce a jera a ba da labari. Da yake babu fuska, kowa ya sa gwaninsa a ciki. A nan “da fari”, “can sai” da “daga ƙarshe” suka shigo rubutunsu ba tare da na yi darasi a kai ba. Na janye ƙorafina kan sharaɗin Alhaji.

Alhamis, 23 ga Janairu

Majigi ya tsaya. Ƙurar hunturu ta shige shi, yana zafi yana mutuwa bayan minti uku. Na mayar wa mai shi cike da kunya, ya ce ba komai, amma na ga fuskarsa.

Na koma buga hotuna a shagon fotokofi, baƙi da fari, dala biyar kowace takarda. Hoto goma na raba wa gungu goma. Abin mamaki, ya fi majigin aiki: ba sai an toshe taga an zauna a duhu ba, kuma kowane gungu na iya ɓoye nasa, wanda shi ne asalin wasan. Majigi na tara ƴan kallo, amma hoto ɗaya yake nuna wa kowa.

Madam ta CP, wato aji biyu, wadda ajinta rumfar zana ce, ta so in ara mata batir da waya ta gwada. Muka dubi juna muka fasa. Tun gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara sama da ashirin a ajin zana a garin nan, ba mai son ganin wayar wuta kusa da kara. Takardun na ba ta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau kwana goma da na saki tsohuwar wayar a hannun yara. Kowane gungu na da ranarsa. Bayan an tashi su zagaya unguwa da ni a baya, su ɗauki hoto uku kacal. Na iyakance ne don ranar farko sun ɗauki tamanin da wani abu, rabi na sama da ƙasa. Da aka ce uku, sai ga shawara: wannan ya cancanta, wannan bai cancanta ba, saboda me. Zaɓen nan ma rabin rubutu ne.

Tunda ba fuska, hannuwa suke ɗauka. Hannun maƙeri a kan zugazugi, hannun baduku yana yankan jar fata, hannun mai ƙuli-ƙuli tana matse tunkuza mai na tsiyaya, kafaɗar ɗan garuwa da sandar ta yi wa kanta. Kuma tunda sai an nemi izini, dole a yi gaisuwa a yi hira. Baduku ya tsare su rabin awa yana ba su labarin yadda fatar jar akuya ta yi suna har ƙasashen Turai, suka dawo da kalmomin da ni kaina ban sani ba.

Sabon abu shi ne bugawa a waya. Gungun da rubutunsa ya fi kyau a mako, su ke buga shi da kansu. Ranar farko wayar ta riƙa mayar da kalmominsu Faransanci, su rubuta abu ta sauya, har wani ya ce tana da aljanu. Na kashe mai gyaran, na saka Hausa cikin harsunan Gboard, allon bugun rubutu na wayar, haruffa masu lanƙwasa suka samu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Anan ne na sami ƙofar shigo da ƙa’idar rubutu, wadda na yi wata uku ina kauce mata. Wani ya buga “ya bata kudi”, na ce aji su karanta. Wasu suka ce ya ba ta kuɗi, wasu suka ce ya ɓata kuɗi. Na ce to wanne ne, kyauta ya yi ko asara? Muka tara irinsu a gefen tablo: baki da baƙi, kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, daka da ɗaka. Yanzu farautarsu suke kamar fara.

Na gaya musu rubutun nan yana da dokarsa tun kafin a haifi iyayensu, cewa a 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako aka daidaita haruffan Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da wasu harsunan. Na kuma nuna musu cewa mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ƴan’uwanmu na Katsina kuwa ’y suke sawa, duk abu ɗaya ne. Abin da ban yanke ba shi ne “tahi”, “shina” da “biyat”. Haka suke magana, haka iyayensu ke yi. A yanzu ina barinsu in mutum ne ke magana cikin labarin, ina kuma nuna musu “tafi” da “yana” da za su tarar a littattafai.

Talata, 18 ga Fabrairu

Wasan ɓoye hoto ya fara gundurarsu, sun san juna sun san unguwa. Sai na tuna da wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, yana riƙe da CE2 a wani ƙauye a yankin Dakoro. Muka shirya ta WhatsApp: mu aika rubutu ranar Litinin, yaransa su karanta su zana su aiko da tambayoyi, hoton kuwa sai Alhamis.

Mun aika labarin ɗan garuwa. Tambayar farko da ta dawo: “Don mi kuke sayen ruwa, ba ku da rijiya?” Yarana suka yi sororo. Ba su taɓa tunanin wannan abin tambaya ba ne. Sai da muka ci rabin awa ana tsara amsa, a goge a sake, don kada ƴan Dakoro su ce ƴan birni ba su iya bayani ba.

Nasu da ya zo, labarin rijiya ce mai zurfi da bijimi ke jan gugarta, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin gugar ta fito. Nawa suka zana sa a bakin rijiya yana leƙe. Da hoton ya iso suka ga igiya ta miƙe har ta fita daga hoton, aka yi ta “kai!” Ɗan telan nan ya ce laifin ƴan Dakoro ne, ba su faɗi tsawon igiyar ba, kuma shi zai rubuta ya gaya musu. Ya rubuta, layi bakwai, ba wanda ya sa shi.

Matsala ɗaya, abokina sai ya hau tudu yake samun rezo, wani sa’in saƙo ya kwana biyu a hanya. Jiran ma ya zama wani abu, kullum da safe kafin gaisuwa: “Mushe, sun amso?”

Talata, 11 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara. Ƴan mata da yawa suna ta aikin gida da tallan buɗa-baki, aji ya ragu. Ba mu fita yawon hoto ba. Na ce su yi mini tashen unguwarsu na naɗa a waya, gobe su saurara su rubuta. Sun gane magana ta fi hannu gudu, sai an tsayar an maimaita sau biyar.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun dawo hutu da zance ɗaya a bakin malamai. A kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris, an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wani abokin aiki da tun Nuwamba yake ce mini ina ɓata wa yara Faransanci, yau shi ne ya zo yana tambaya yadda ake samo ƙ a waya. Na nuna masa, ban ce komai ba.

Ni dai ban yi saurin murna ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, yau shekara hamsin da biyu, ga ajina babu littafin karatun Hausa ko ɗaya. Jarrabawar ƙarshen zango kuma da Faransanci yarana za su yi ta, kuma a kanta za a auna ni.

Don haka tun Fabrairu nake yin gada. In an gama rubutun Hausa, kowa ya zaɓi jimla biyu da ya fi so, mu juya su Faransanci, kalmomin da ake buƙata na jere a gefen hoton. Na duba kayen jarrabawar da ta wuce da idon basira. Sun daina kwafe tambaya su zauna, suna rubuta layi uku ko huɗu, kuma akwai ma’ana a ciki. Amma juya aikatau da bambance le da la suna nan inda na same su. Hoto bai taɓa wannan ba, sai dai a zauna a yi ta atisaye kamar da.

Talata, 29 ga Afrilu

Na daɗe ina kewaye zancen ambaliya, don akwai yaran da abin ya shafa kai tsaye. Yarinyar nan mai ƙosai ce ta kawo shi da kanta. Ranar gungunsu ta ja su har bakin tsohon gidansu, ta ɗauki hoto ɗaya: katangar laka ta zube gaba ɗaya, ƙofar langa-langa kaɗai ke tsaye, har da kwaɗonta a rufe. Ga abin da ta rubuta, ban gyara komai ba sai lanƙwasa biyu:

“Wannan ƙofarmu ce. Babana ya kulle ta da za mu gudu. Ruwa bai bi ta ƙofa ba. Har yanzu makullin shina aljihunshi.”

Da ta karanta ba wanda ya yi dariya. Wani yaro ya kifa kai a benci, ya ce shi ba zai rubuta komai a kan ruwa ba. Na ce ba dole, ya zana abin da ya ga dama. Moto ya zana.

Kashegari ta zo ta ce kakarta ta ce wannan ba shi ne na farko ba. Na bi ta gida da yamma, na durƙusa na gaida tsohuwar, na ce: “Inna, in kun yarda mu ɗauki muryarku, jikokinku su rubuta.” Ta ce murya dai ɗauki, hoto ne ba ta so. Ta ce ita ba ta gani da idonta ba, a goye take, amma uwarta ta sha ba ta labarin shekarar da Gulbi ya shigo gari, aka kwashe kaya a kai aka hauro tudu. Abin da littattafai ke ajiyewa a 1945 ke nan: ruwa ya ci tsohon garin da ke cikin fadama, Turawan mulkin mallaka suka mayar da mutane kan tudu suka yanka tituna miƙaƙƙu. Na san shekarar tun ina ɗalibi, amma ban taɓa jin wanda ya ce an bar tukunyar tuwo a kan murhu ba sai a bakinta.

Minti shida ne maganar. Na yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane gungu ya ɗauki rabin minti da ɗoriya ya rubuta, muka haɗa. Kwana uku muka yi a kai, wayar na yawo daga kunne zuwa kunne. Shi ne rubutu mafi tsawo da ajin ya taɓa yi, shafi biyu cur. Mun aika Dakoro ba tare da wani hoto ba, kuma ba su nema ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Jiya na maimaita gwajin ƙarshen Oktoba, tambaya iri ɗaya, babu hoto, babu waya, kowa da harshen da ya zaɓa. Cikin 57 da suka zo, 41 sun rubuta layi uku ko fiye da za a iya karantawa a fahimta. Bakwai sun yi layi ɗaya ko biyu. Tara ba su rubuta komai ba, kuma su ne taran da tun farko ba su gama sanin haruffa ba. A gungu suna ɓuya bayan masu hannu, su ne masu riƙe waya da masu ba da baki, ni kuma daɗin abin ya ɗauke mini hankali ban lura da wuri ba. Daga Litinin zan riƙa tsayawa da su minti ashirin bayan an tashi, hoto ɗaya kalma ɗaya, daga abin da su da kansu suka ɗauka.

Tsohuwar wayar ta faɗi a hannun wani gungu, gilashin ya tsage daga sama har ƙasa. Sun zo su bakwai suna kuka, kowa na cewa shi ne. Tana ɗauka har yanzu, sai dai a kanne ido.

Ƴan COGES sun yarda su ba da jaka biyar don a buga ɗan littafi kafin hutu. Mun zaɓi rubutu goma sha biyu, hoton kowanne a bayan shafinsa, sai ka juya za ka gani. Saura bugun guda biyar a waya, da karɓo izinin baduku da na tsohuwar, da sasanta gardamar suna, don ajin ya rabu tsakanin “Akuya Mai Wayo” da “Ƙofarmu”. Abokina na Dakoro ya ce a ajiye masa kwafi uku, zai aiko direban da ke zuwa ranar Juma’a ya karɓa.